Ruwan Ranar Doki

Shafi na 31

Masu aiko mini saƙo cewa na cika kashe mutane a labarin nan, ku kwantar da hankalinku. A shafin yau babu wanda ya mutu. Ban dai ce ku yi murna ba.

* * *

Tabarau ne ya dawo da Pyo Mandok gida.

Ya riga ya isa tashar bas, ya laluba aljihu, ya ji wayam. Tsohon malamin makarantar da ya bar tabarau a gida ba shi da abin yi a ɗakin karatu na gari, sai dai ya je ya yi gyangyaɗi cikin ɗumi kamar sauran tsofaffi. Ya juyo.

Bai kamata ya juyo ba. Yau ranar doki ce ta watan farko a ƙidayar kwanaki ta gargajiya, ranar da ake haɗa jang na shekara, baƙin ruwan daddawar waken nan da kowace miya ta gidan ke tashi da shi. Tun zamanin kakanni namiji ba ya wuni a gidan Pyo a wannan rana. Da sassafe ake sallamarsa, sai yamma ya dawo. Mandok ya bi dokar yana yaro, ya bi ta yana da mata, yana kuma bin ta yanzu da matar ke kwance a kabarinta a kan tudu. Mutumin da ya addabi hukuma da koke har ma'aikata suna ɓuya in sun hango hularsa, bai taɓa tambayar abin da ake yi a bayan gidansa ba.

Ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiyar karan shinkafa mai jan barkono, wadda aka rataya a ƙofa tun ranar da Dasom, matar ɗansa Jegwan, ta haifi namiji. Niyyarsa ya ɗauki tabarau ya sulale.

Sai ya ji ƙarar.

Tsulum. Can ƙasa, cikin rami.

Kunnensa ya san wannan ƙarar. Ƙarar guga ce ta taɓa ruwa. Rabonsa da jin ta tun shekarar da aka gano ruwan tsohon ramin dalma na kan dutse ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyin ƙauyen, shekarar da ya tsaya da ƙafarsa aka malale bakin rijiyar gidan da siminti.

Ya zagaya baya.

Randunan jang na jere a kan dakalinsu, murfi a buɗe, suna shan rana. Randa ɗaya ta gefe, wadda ya sha wucewa ta gabanta, an gusar da ita. Ba ta da ƙasa. A inda take zaune akwai rami a jikin simintin, daidai shigar gwangwani. Yayarsa Gumne na durƙushe a kai, tana jan igiya.

"Yaya."

Ba ta amsa ba. Farar takarda ce ɗaure a bakinta, kamar yadda mai haɗa jang ke yi don kada numfashi ko magana su faɗa cikin randa. Ta gama jawo gwangwanin, ta juye a baho mai gishiri, ta motsa. Sannan ta sauke takardar zuwa haɓa.

"Ka ɓata mini ranar."

"Wannan ruwan na ina ne?"

"Tabarau ka bari a gida, ba ido ba."

"Na rufe rijiyar nan."

"Ka rufe. Duk mun gani. Har hoto aka ɗauke ka, hannu a kan siminti, kana murtuke fuska kamar ka ci yaƙi."

"Wa ya huda?"

"Inna. Satin da ka tafi babban birni karɓar lambar yabo. Ta kira magini, ta cika masa ciki, ya huda, ya cire ƙasan randa ɗaya ya ɗora a kai." Ta share hannu a zanen gabanta. "Kana can ana tafa maka, mu muna nan muna aiki."

Mandok ya nemi abin jingina. Babu komai kusa sai randuna, ya haƙura.

"Akwai famfo a ɗakin girki, Yaya. Akwai famfo a tsakar gida. Ni na yi faɗan da aka kawo shi."

"Muna sha. Muna wanka. Wa ya hana? Amma Inna ta shinshina shi sau ɗaya ta ce warin asibiti yake yi. Da shi kake so a ɗura wa uwar randa?"

Ta nuna ta da haɓa. Uwar randa na tsakiya, baƙa, ta fi kowace girma, an ɗaura mata igiya a wuya. Jang ɗin cikinta ya girmi duk wanda ke da rai a dangi. Kowace shekara ana ɗibar ludayi daga cikinta a zuba a sababbin randuna, idan sabon ya nuna a dawo a cika ta. Haka take tun kafin a haifi kakansu.

Mandok ya tsaya yana kallonta, kansa na lissafin da bai so. Kowace shekara a zuba. Kowace bazara rana ta shanye. Rana tana shan ruwa, ba ta shan dalma.

"Kin san abin da ke cikin wannan?"

"Na sani. Kakanninka."

"Guba ce, Yaya."

"Guba." Ta yi gajeriyar dariya. Ta sa hannu a aljihu ta fito da cokalin azurfa na Inna, ta tsoma a uwar randa, ta bar shi jim, ta ɗago ta goge ta miƙo masa dab da hanci. "Ka ga ya yi baƙi? Duba da kyau, tunda makaho ne kai yau. Sarakuna da wannan suke gwada abincinsu, ba su fi ka daraja ba?"

"Sarakunan an binne su da cokulansu fari tas. Azurfa ba ta ganin dalma."

"Gawayi fa? Ga shi yana yawo a kai. Ga barkono, ga magarya. Ga gishirin da ya shekara yana tsanewa. Ga rana. Wane datti ne zai wuce waɗannan?"

"Wanda ya wuce su."

"Littafi ya gaya maka."

"Likita ya gaya mini. Ranar da aka fara wa Bokhi wankin ƙoda."

Sunan ya faɗi a tsakaninsu. Bokhi, matarsa, ita ce mai riƙon randunan nan har ƙafafunta suka kumbura suka ƙi shiga takalmin roba. Likitan ya tambaye shi ko har yanzu suna shan rijiya. Mandok ya ɗaga kai ya ce ai shi ne Pyo Mandok, wanda ya sa aka rufe rijiyoyin kwarin nan duka. Likitan ya rubuta wani abu, bai sake tambaya ba. Bokhi na kwance tana kallon bango.

"Ta sani?" ya ce.

"Wa?"

"Kin ji ni."

"Uwar Jegwan? Ita ke riƙe igiyar nan kafin ni. Inna na zaune a kan wancan dutsen tana ƙirga mata guga."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta gaya maka me? Ka zo ka tsaya a kan uwarka da takarda a hannu? Matar gida ba ta kai ƙarar uwar miji wurin miji. Ko a littattafanka haka ne." Gumne ta ja igiyar ta fara naɗe ta a gwiwar hannu. "Kada ma ka mai da ita waliyiya. Na rufa mata asiri don tana ƙasa, amma tunda ka tono, bari ka ji. Matarka ta ci amanar gidan nan."

"Yi a hankali, Yaya."

"Bayan an binne ta na dawo gidan nan, na shiga rumbu ina gyara. Ka san abin da na tarar a bayan bargunan sanyi? Jarkokin roba. Tuli. Jang na kanti, na masana'anta, irin wanda ake zuba wa direbobi a gidan abinci na bakin titi. An kankare takardar jiki don kada a gane."

Gumne ta ci gaba.

"Da shi take yi muku miya, kai da ɗanka. Tukunya biyu take ɗorawa. Teburin maza, na kanti. Teburin mata, na uwar randa, don Inna harshenta ba ya ruɗuwa. Ta zauna gaban Inna ta ci, ta suɗe kwano, Inna ta ce madalla da suruka. Ku kuma a ɗakin gaba tana ɗura muku ruwan banza. Magajin gidan Pyo ya girma bai san ɗanɗanon gidansu ba."

"Abincin teburin kakanni fa?" in ji Mandok. "Wanda ake jera musu ranar tunawa da matattu. Kowa na ci bayan an sauke."

"Ka taɓa ganin ganye da miya sun dawo gabanka? Nama da 'ya'yan itace take turo muku. Sauran ta ce ya huce, ta kwashe ta kai ɗakin girki. Na zaci rowa ce. Ashe ita kaɗai take cinyewa a tsaye."

Wani tsuntsu ya sauka a kan katanga, ya ga babu abin tsinta, ya tashi.

Mandok ya tuna abin da bai so ya tuna ba. Shekara da shekaru yana ɗaga cokali, ya kurɓa, ya ajiye, ya ce, "Hannunki bai kai na Inna ba." Ba da faɗa yake faɗa ba. A hankali, kamar yadda yake mai da wa ɗalibi takardar jarrabawa. Bokhi takan ce, "To, zan ƙara ƙoƙari." Ta ɗauke kwano.

Gumne ta san inda tunaninsa ya je. Yayarsa ce, ita ta goya shi.

"Ka tuna miyar farko da na yi maka bayan zaman makoki? Ka kurɓa, ka rufe ido, ka ce, 'Yau ɗanɗanon Inna ya dawo gidan nan.' A gaban kowa. Ka ƙara kwano biyu. To na uwar randa ne. Tun daga ranar shi kake ci, kuma ga ka nan a tsaye kana yi mini tsawa."

"Ban yi miki tsawa ba."

"Da ma ka yi. Wannan kallon ya fi tsawa muni."

Kallonta yake yi, gaskiya ne. Kallon da ya daɗe bai yi mata ba. Gumne ta fi shi tsawo a da, har ana tsokanarta babu mijin da zai kai ta. Yanzu kanta a ƙirjinsa yake tsayawa. Tana tafiya tana rangaji kamar agwagwa, tana dafe ƙugu, in ta yi tari sai ta riƙe haƙarƙari da hannu biyu. Haka Inna ta yi kafin ta kwanta. Kowa ya ce tsufa.

"Ƙasusuwanki na ciwo, Yaya."

"Na kusa tamanin. So kake su yi mini waƙa?"

"Inna da aka juya ta a shimfiɗa hannunta ya karye."

"Inna ta tsufa."

"Bokhi ba ta tsufa ba."

"Bokhi ƙaryarta ce ta ci ta. Kakanni suna gani."

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, tun ɗazu yake kewaye ta.

"Dasom."

"Me ta yi?"

"Me kike zuba mata a miya?"

Gumne ta dube shi kamar ya tambayi ko rana daga gabas take fitowa.

"Yarinya marainiya, ba uwa, ta zo jego gidan mijinta. Ta haifa mana magaji. Me zan zuba mata, na kanti? Miyar ganyen teku safe, rana, dare, da na can ƙasan uwar randa, mai kauri, wanda ko ranar tunawa ba a taɓawa. Tun cikin na ƙarami nake aika mata kwalba birni. Jegwan da kansa yake zuwa ɗauka. Jaririn nan a jang ɗin kakanninsa aka gina shi, tun daga ƙashi." Ta ɗaga haɓa. "Abin da matarka ta hana ɗanta, na ba jikanta."

Mandok ya juya ya nufi rumbu.

"Ina za ka?"

Ya fito da gudumar fasa dutse. Ta yi masa nauyi fiye da yadda ya zata. Hannun da ya saba da alli da biro ne. Ya ja ta a ƙasa har gaban dakali.

Gumne ta riga shi. Yadda ta hau dakalin da wannan ƙugun, bai gani ba. Ta rungume uwar randa, kumatunta a jikin yumɓu.

"Sauka, Yaya."

"Fara da ni."

"Sauka."

"Yaƙi ya zo, kakarmu ta bar gwal ta bar shanu, ta haƙa rami ta binne randar nan kafin ta gudu. Ta dawo ta tarar gida toka, randa na nan. Kai kuma da tabarau ɗinka za ka fasa ta don wani likita ya yi maka tambaya?"

"Zan fasa ta, in kira hukuma su ɗebi ruwan nan, in kira duk wanda kika aika wa kwalba."

"Kira su. Dangi gida nawa ke cin jang ɗinmu? Ka gaya musu Pyo Mandok mai lambar yabo ya shayar da su guba daga bayan ɗakinsa. Ka ga wanda zai sake tako ƙofar nan ranar tunawa. Ka ga yadda za a riƙa nuna jikanka a makaranta, a ce ga ɗan gidan rijiya."

"A nuna shi yana da rai."

"Yana da rai mana. Ba ka ji muryarsa ba? Ƙato ne."

Ta faɗi gaskiya, jaririn ya fara kuka a ɗakin ciki. Sai a lokacin Mandok ya lura da abin da su biyun suka manta. Ɗakin jego bayansa na kallon dakalin randuna. Tsakaninsu da shi babu komai sai ƙofar takarda.

Ƙofar ta zame a hankali.

Dasom na zaune a kan ƙasa mai ɗumi, bargo a kafaɗa, safa mai kauri a hannunta ba ta sa ba. Ƙaramin tebur na gabanta. Kwanon miyar ganyen teku ya kusa ƙarewa, cokali na ciki. Jaririn na kwance a gefe yana harba ƙafa.

"Rufe ƙofar nan, 'yata, iska za ta shige ki," in ji Gumne daga kan dakali. "Zancen tsofaffi ne."

Dasom ba ta dube ta ba.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"Na ji duka. Ban yi niyyar saurare ba."

"Ba laifinki ba ne."

"Na ƙarasa miyar, ko in bari?"

Ba da izgili ta tambaya ba. Yarinya ce da aka koya wa kada ta bar abinci a kwano a gidan miji. Mandok ya saki gudumar, ya taka har bakin ƙofa, abin da uban miji ba ya yi a ɗakin jego. Ya sunkuya ya ɗauke kwanon. Yana da ɗumi har yanzu. Ƙamshin ya doki hancinsa, ƙamshin Inna, kuma don jiki ba shi da kunya, yawunsa ya tsinke.

A nan ya ga ƙafafunta. Sun fito daga ƙarƙashin bargo, sun cika sun yi sheƙi, idon sawu ya ɓace. Safar da ke hannunta ba ta shiga ba ne.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin haihuwa. Gwaggo ta ce na kowa haka yake yi, miya ce za ta saukar da shi. Shi ya sa nake ƙarawa." Ta danna yatsa a kan ƙafar, ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai ciko ba. "A asibiti sun ce in dawo a sake duba fitsarina. Gwaggo ta ce mai jego ba ta ƙetare igiyar ƙofa sai an kwance ta."

"Kuma haka ne," in ji Gumne. "Ni na ƙirƙiro?"

Mandok ya san wannan ramin. Ya taɓa danna irinsa da yatsansa a ƙafar Bokhi, ya ce mata ta rage gishiri.

"Ɗauko rigar sanyinki. Zan kira Jegwan, zan kira mota. Yanzu za mu tafi."

"To, Baba."

Amma ba ta motsa ba. Kukan jaririn ya ƙaru, irin na yunwa, mai yankewa yana dawowa. Dasom ta ɗauke shi. Yaron ya juya kai yana laluben ƙirjinta da baki buɗe. Nono ya riga ya zubo, ya jiƙa gaban rigarta, da'ira biyu suna faɗaɗa.

Hannunta ya kai kan maɓalli, ya tsaya.

"Ba shi mana," in ji Gumne. "Kina ji yana shiɗewa."

Dasom ta ɗago ta dubi uban mijinta. Idonta a bushe yake.

"Baba, gari da nisa. Rabonsa da sha tun asuba, kuma babu madarar gwangwani a gidan nan, Gwaggo ta ce ba a shigo da ita." Ta gyara riƙon yaron. "Abin da na ci, yana cikin wannan ma?"

Mandok ya buɗe baki. Ya karanta tarihin dauloli, ya karanta dokar ruwa da ta ma'adinai har ya fi lauyoyi, ya haddace sunan kowace guba da ta fito daga ramin kan dutse. Ya laluba duk wannan, kamar yadda ya laluba aljihu a tashar bas.

"Kai ne mai karatu, Baba," in ji ta. "In ba shi, ko kada in ba shi?"